Ƙarfen Da Ba Ya Mantuwa

Ranar kasuwar Jega kwalin allurar Mufida ya zube cikin rairayi. Tela ce, daga Karaye ta zo sayen zare. Tana tsugune tana lalube, wani saurayi ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya shafi ƙasa. Allurai suka manne kaf.

"Kullum da wanga kake yawo?" ta ce.

"Kullum. Yau dai ya yi rana."

Sunansa Abdulwahab, ɗan maƙeran Jega, yana karatun kimiyya a sabuwar jami'ar Aliero. Ya tambayi gida, ya fara zuwa zance.

Wata rana ya kawo mata ɗan ƙarfe kamar tsinken ashana, malaminsa ya ba shi. Haɗin ƙarafa uku ne: nikel da manganis da galiyam. Ya matse shi da yatsu, ya ɗan gajarta. Ya kara masa maganaɗisu, ya miƙe ya koma tsawonsa. Babu wuta, babu guduma.

"Yana tuna yadda yake," ya ce. "Riƙe duka biyun, Allurata."

Auwal, mai sayen albasar mahaifinta, ya daɗe yana son ta. Ya ji labari, ya je wurin mahaifin nata, Ɗantsoho.

"Baba, ɗan maƙeri ya ba ɗiyarka ƙarfe mai motsi da kansa. Ka san maƙera da asiri."

Ɗantsoho ba azzalumi ba ne, tsoro ya ji wa ɗiyarsa. Ya karɓe ƙarfen da maganaɗisun.

"In asiri ne, rabuwa za ta karya shi. Har a cire albasa, ba zance, ba waya."

Kafin ta miƙa wayar ta rubuta: "Baba ya karɓe ƙarfen. Kada ka zo sai bayan albasa, Maƙerina."

Amsa ta shigo: "Maganar Baba ce, na bi. Ki riƙa cin abinci, Allurata."

Albasa ta yi kai, aka cire. Auwal ya yi ta aiko turamen atamfa, Mufida tana mayarwa. Ta rame, amma ba ta yi ƙorafi ba.

"Har yanzu?" in ji Ɗantsoho.

"Har yanzu, Baba."

Ya aika aka kira Abdulwahab zaure.

"Tsaya can bakin ƙofa, kada ka taɓa komai. Asiri mai shi yake bi."

Tsoho ya yi bismilla, ya matse ƙarfen, ya kara maganaɗisu. Ƙarfe ya miƙe a tafin hannunsa. Ya sake. Ya kuma sakewa.

"Ni kakana bai taɓa zuga ba, ga shi ya bi hannuna. Yaro, mi ke tura shi?"

"Ƙwayoyin cikinsa ne ke juyawa su bi maganaɗisu, Baba. Haka Allah Ya yi haɗin."

Ɗantsoho ya sake duban ƙarfen a tafinsa.

"Na matse ɗiyata wata da watanni, ta koma inda take. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure a Karaye bayan sallar Juma'a. Da amarya ta zo sallama, ta durƙusa.

"Baba, ƙarfena fa?"

"Wanga nawa ne. Ke kin samu maƙerin." Ya dafa kanta. "Tashi ki tafi. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu yi maku biyayya."