Gawar Likita a Yadin Ardwick

Ranar Litinin da ƙarfe tara da rabi na safe aka bugo wa 'yan sanda waya daga wani yadin ajiye motoci da ke Ardwick a birnin Manchester, aka ce an tsinci gawar wani dattijo. Sufeto Asama'u Taufiq aka tura, ga fayil bakwai a teburinta da ba ta rufe ba. Shugabanta bai ɓoye mata dalili ba. Mamacin ɗan Najeriya ne, ita kuma tana jin yaren iyalinsa. Shekararta ashirin da biyu a aikin, ta daɗe da daina musu a kan wannan.

A can ƙuryar yadin aka nuna mata wata 'yar caravan, irin ɗakin nan mai tayoyi biyu da ake ɗaura wa mota a baya, a tafi da shi daji a kwana. Fara ce, jikinta a mulmule, an ƙera ta da wata irin roba mai tauri da ake kira fibreglass, tsawonta bai wuce taku biyar ba. Ciki akwai gado, da ɗan teburi mai naɗewa, da risho mai gas, da ƙaramin firji.

Mamacin, Dakta Abdulsalam Mohammed, yana kwance a kan gadon, an ja masa bargo har ƙirji. Tsohon GP ne, wato likitan unguwa, ya yi ritaya bara. Babu rauni a jikinsa, sai dai leɓɓansa da farcensa sun yi wani ja mai haske.

Mai gadin yadin, wani ɗan Jos mai suna Davou, shi ya fara ganinsa ta taga.

"Yaushe caravan ɗin nan ta fita daga yadin nan?" in ji Sufeto.

"Ta fi sati uku a wurin nan, ranki ya daɗe. Ga motar Dakta can, tun jiya nake ganin ta. Na ɗauka gyara ya zo yi."

Sufeto ta tsuguna da kyar, gwiwarta na ƙara, ta dubi taya. Ta sa biro ta ƙwaƙulo laka da ɗanyar ciyawa da kashin tumaki. Sai ta ɗaga kai ta dubi yadin, siminti ne daga ƙofa har katanga.

"Malam Davou, kana kiwon tumaki a nan?"

Sai ya amsa cewa Juma'a da Asabar ranakun hutunsa ne, ranar Lahadi kuma yakan sulale ya je coci, ya bar ƙofa da kwaɗo mai lamba. Kyamara ta lalace tun bazara. Ya roƙe ta kada mai yadin ya ji.

"Wa ya san lambar?"

"Duk mai ajiya a nan. Ita wannan, su biyu ke da ita. Shi da abokinsa na Birmingham."

Da la'asar ta isa gidan mamacin. Takalma sun cika ƙofa. Tun kafin ta cire nata, dattawa uku suka tare ta, kowa na tambayar yaushe za a ba su gawa. Ta ce sai abin da coroner, jami'in binciken dalilin mutuwa, ya ce. Wani ya ce ai ita 'yar gida ce, ta san addini. Ta ce ta sani, ta wuce.

Hajiya Kulu, matar mamacin, tana zaune a bakin gado a ɗakin sama.

"Anti, Allah ya jiƙansa. Dole ce ta sa zan yi miki tambaya yau."

"Amin. Yi aikinki, 'yata."

Ta ce shekara shida ke nan da suka sayi caravan ɗin, shi da Injiniya Sa'id, abokinsa tun suna sakandare a Zariya. Tsohuwa ce, rufinta na yoyo. Rani guda suka yi suna gogewa, suna like tsaga, suna fenti, kamar yara.

"Sau ɗaya na bi su. Ga sanyi, ga banɗaki can nesa, mutum ya miƙe ya bugi kai. Na ce na yafe. Shi kuwa cewa yake yi nan kaɗai yake barci ba wanda zai kira shi."

"Ranar Juma'a me ya ce miki?"

"Ya ce sai Lahadi. Ya ɗauki jakarsa bayan masallaci. Jiya da yamma Sa'id ya bugo yana tambaya ko ya dawo, wai shi bai samu zuwa ba, bayansa ke ciwo."

"Da wace mota suke jan ta?"

"Ta Sa'id. Tamu ba ta da ƙugiyar nan ta baya."

Injiniya Sa'id yana gidan, ya zo tun azahar, shi ke karɓar gaisuwar maza. Dogo ne, gemunsa fari fat. Sufeto ta ja shi zuwa kicin.

"Kawu, ina kake ranar Asabar?"

"A gida, a Edgbaston can Birmingham, a kwance. Na ce masa mu ɗaga tafiyar, ya ce to shi zai kwana a yadi ya duba yoyon taga."

"Akwai laka a taya."

"Ta wancan zuwan ce. Ba ma wanke ta kullum."

"Da me kuke ɗumama ta?"

"Bargo. Ba mu da hita." Ya matso, ya rage murya. "'Yata, mutumin nan yana da hawan jini. Ajali ne. Ki taimaka kada a farke shi. Ki dubi Kulu."

Ta rubuta abin da ya ce, ta yi masa godiya. A mota ta zauna minti biyar ba ta tayar ba, wayarta na ta kuka a aljihu. Mahaifiyarta ce. An riga an kai mata ƙarar 'yar tata.

Washegari likitan da ya duba gawar ya bugo. Ba zuciya ba ce. Iskar guba ce, irin wadda wuta ke fitarwa idan tana ci a rufaffen wuri, ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi.

Sufeto ta koma yadi tare da mai binciken kayan gas. Ya gwada risho, ya gwada tulun gas, ya ce lafiyarsu ƙalau.

"To me ya ci wuta a nan?" in ji ta.

Ta kwanta rub da ciki da tocila. A ƙarƙashin gado ta ga ramukan kusa guda huɗu a jere, da wata ɓula zagayayya da aka like da sabon tef. Farin garin fibreglass yana nan a bakin ramukan, ko shara bai gani ba. An kwance wani abu daga nan, kuma ba da daɗewa ba.

A bango akwai ƙararrawar da ke kuka idan iska ta gurɓace. Ta buɗe bayanta, babu batir.

Kafin ta fita ta buɗe firji. Rabin burodi, man shanu, da kwalbar madara mai ɗauke da sunan wata gona. An rubuta kwanan wata da hannu a murfin. Asabar ɗin da ta wuce ce.

Ranar Laraba ta yi tuƙin awa ɗaya da rabi cikin ruwan sama zuwa gonar, can cikin duwatsu. Fili ne mai gangara, tumaki na kiwo, an ware gefe ɗaya don masu zuwa kwana. Mai gonar, wata Baturiya mai manyan takalman roba, ta gane hoton caravan ɗin nan take.

Ta ce ta san su sarai, dattawan nan biyu masu shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Sun zo Juma'a da yamma. Gajeren ne ke kwana a ciki, dogon kuma a tanti, don ya ce abokinsa na minshari. Ranar Asabar sun sayi madara, sun gasa nama, har sun aiko mata.

"Ranar Lahadi fa?"

Ta ce da sassafe, tana tatsa, ta hango dogon yana ɗaura caravan shi kaɗai. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na nuni, ya yi ta baya da gaba. Ta ɗaga masa hannu bai amsa ba. Gajeren kuwa ba ta gan shi ba sam.

Sufeto ta je ta tsaya inda aka nuna mata. Sawun taya na nan a laka. Turakun tanti uku na nan kafe a ƙasa.

Ranar Alhamis da hantsi ta isa Edgbaston da takardar bincike, tare da 'yan sandan Birmingham biyu. Ta tarar da motar Injiniya Sa'id a buɗe, matarsa Hajiya Ramatu tana jera kulolin abinci a bayan motar. Manchester za su, gidan makoki.

'Yan sandan suka wuce rumfar bayan gida. Ba su yi minti goma ba suka fito da tanti a naɗe, har yanzu da danshi. A cikinsa akwai tsohuwar hita mai amfani da gas, da bututunta, da kusoshi huɗu a leda.

Injiniya yana falo da babbar riga. Sufeto ta karanta masa haƙƙinsa da Turanci, kamar yadda doka ta ce, ta gaya masa yana iya yin shiru har ya ga lauya. Ya dubi hitar da aka ajiye a bakin ƙofa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Zauna, 'yata. Na gaji da shirun."

Ta zauna a hannun kujera.

"A unguwar Lozells na saye ta, hannun wani mai tsofaffin kaya. Abdulsalam na fama da sanyin ƙashi, na ce bana ba zai ji sanyi ba. Ni na haɗa ta da hannuna."

"Kana da takardar izinin haɗa gas?"

"Ba ni da ita. Amma shekara talatin da ɗaya ina aikin injiniya. Abin da na gaya masa ke nan. Ranar Asabar bayan mun ci abinci ƙararrawar ta fara kuka. Ya ce, Sa'id, mu kashe abin nan. Na ce batir ne ya yi sanyi, kai allura ka sani, bar mini nawa. Na cire batir ɗin na sa a aljihu. Ya yi dariya, ya ce to, Injiniya."

Hajiya Ramatu ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, da murfin kula a hannu.

"Da asuba na je tashinsa salla. Na buga, shiru. Na buɗe, na kira sunansa sau uku."

"Me ya hana ka kiran motar asibiti?"

"Na ɗauko waya. Wallahi na ɗauko. Sai na tuna Kulu, na tuna 'ya'yansa, ni na yanka musu ragon suna. Na tuna aikina, da abin da za a faɗa a masallaci. Ban san lokacin da na ɗauko sukurdireba na kwance hitar ba."

"Ka ja shi har Manchester."

"Awa biyu. Ina ganin ta a madubi. Duk ramin da na faɗa sai in ce masa sannu." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ajiye shi kusa da motarsa, na gyara masa bargo. Na ce za a ce zuciya ce, a yi masa sutura a ranar, kowa ya huta."

Sufeto ta yi masa tambayar da ta taho da ita tun daga gona.

"Kawu, da ka buɗe ƙofar, ka taɓa wuyansa? Ka duba ko yana numfashi?"



"Hannunsa da sanyi," in ji shi.

"Wurin duka da sanyi. Ka duba?"

"Ni ba likita ba ne, 'yata. Shi ne likitan."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya dubi Sufeto, don da Hausa aka yi maganar, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ta gyaɗa masa kai.

Ba su sa masa ankwa ba. Ya miƙe da kansa, ya mayar da hula, ya tsaya neman takalmi. Hajiya Ramatu ta ajiye murfin, ta ɗauko masa su daga bayan ƙofa, ta haɗa da maganinsa na safe a 'yar leda. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Aka riƙe masa gwiwar hannu har mota, ya sunkuyar da kai ya shiga.

Da motar ta sha kwana, Hajiya Ramatu ta juyo.

"Ranar Lahadi da ya dawo cewa ya yi Abdulsalam ya wuce gida. Daga baya ya ce idan an tambaye ni in ce bai je ko'ina ba. Ban tambaye shi dalili ba. Kulu na jira na yanzu haka. Me zan ce mata?"

"Kada ki kira ta, Anti. Ni zan gaya mata."

"Ta waya?"

"A'a. Zan je."

Sufeto Asama'u ta rufe littafinta, ta shiga mota, ta ɗauki hanyar Manchester.