Muryar Mace a Wayar Yamai

"Alo... Alo? Wa ake nema?"

Muryar mace ce!

Na saki kan wayar kamar na taɓa garwashi.

"Sauda, lafiya?" Baba ya tambaya daga bayana.

"Zaliha ta yi gaskiya, Baba... mace ta ɗauka."

Tun kaka Alƙasum ya tafi Yamai koyon aikin jinya, ya bar ni da alkawarin aure. Zaliha maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana sonsa, ta bi ƙauyenmu Bambeye gida-gida tana cewa ya yi aure a can. Baba ya rantse zai mayar masa da kayansa na neman aure. Sai da na yi ta kuka ya yarda muka zo gidan waya na Tawa, don in ji daga bakin Alƙasum.

"Na hwaɗa miki," in ji Baba. "Ƙarhe ba ya riƙon amana. Wanda ba ka ganin idonai, ƙarya ba ta yi mai wuya. Mu tahi!"

Ciɗo, ma'aikacin wurin, ya tare mu.

"Malam Illa, ku dakata. Waccan mai haɗa layi ce. Kowa ya kira Yamai, ita yake fara ji."

Na sake ɗauka.

Ƙara... shiru... ƙara...

"Sauda?"

Muryar Alƙasum ce!

"Sauda, ke ce? Hasken idona, yi magana mana!"

"An ce ka yi aure..."

"Ni? Wallahi ko..."

Baba ya fizge wayar, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙarshen gona.

"Kai Alƙasum! Illa ne. Na ji muryarka, amma murya ba ta zama bisa tabarma. In da gaske kake, zo da ƙahwarka!"

Na matso da kunnena, na ji shi can ƙasa-ƙasa.

"Baba, in na fita babu izini, korata za a yi..."

"To, zaɓi."

Ya kife wayar.

"Baba! Kun kashe ni!"

Bai ko dube ni ba.

Lahadi ta zo, motocin kasuwa suka iso, babu shi. A bakin rijiya Zaliha ta yi shewa.

"Amaryar waya, ina angon?"

Na ɗauki tuluna, na wuce.

Wata Lahadin ina daka, sai na ji sallama. Taɓaryar ta kuɓuce mini.

Shi ne! Ya rame, taɓo har gwiwa, kawunsa na biye da shi.

"Na yi ta roƙon daraktan makaranta har ya gaji ya sake ni," ya ce wa Baba, yana durƙushe. "Ga ƙafata."

Baba ya daɗe yana kallon idonsa.

"Sauda, kawo tabarma."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da zai koma Yamai, ni na riga shi hawa motar.