Teburin Kafinta Mai Gaggawa

A wani gari an yi wani kafinta mai gaggawar tsiya. In ya ja tef ɗin awo, manyan lambobi kaɗai yake dubawa. Ƙananan layukan da ke tsakaninsu kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Wata rana wata tsohuwa mai tuwo-tuwo ta ba shi aikin tebur, ta zauna tana kallo. Ya auna ƙafar farko, ya yanke. Ta biyu ta ɗara ta da layi uku, ya ce, "Ɗan wannan ai ba komai." Ta uku ta gaza, ya ce, "Ɗan wannan ai ba komai."

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, su ƙananan layukan don ado aka zana su?"

Ya yi dariya ya ce, "Iya, ɗan wannan ai ba komai."

Ran da ya kai mata teburin, ya sha farar shadda, zai wuce ɗaurin aure. Tsohuwa ta ce, "Zauna, kai za ka fara ci a kansa." Ta cika kwano taf da miyar manja, ta ɗora. Yana dafa gefe, sai tebur ya karkace, miya ta kife masa a jiki.

Ya zabura yana cewa, "Wayyo rigata, Iya!"

Tsohuwa ta dubi jan tabon, tun daga ƙirji har gwiwa, ta ce, "Haba ɗan nan, ɗan wannan ai ba komai."