Sai Mahading Ya Ɗaga Murya

A bakin gaɓar tsibirin Tomia ne Rusna ta fara ganinsa, yana kokawa da tukunyar iskar masu nutso kamar mai ɗaukar buhun rogo. Sabon ma'aikaci ne a jirgin da take kai baƙi nutso. Ya ɗago, suka haɗa ido, ta yi masa murmushi.

"Sunana Dirman," ya ce. "Ɗan Mahading, na ƙauyen tsallake."

Murmushinta ya ɗauke. Mahading! Mutumin da ya jefa kwalbar bam don kashe kifi, alhali babanta yana ƙarƙashin ruwa. Tun ranar kunnen Baba ya mutu, sai an yi ihu yake ji, ya bar nutso har abada. Ko sannu Mahading bai tako ya ce ba.

Nan take ta ƙudura a ranta: sai ta sa ɗansa ya haukace a kanta, sannan ta yar da shi a gaban kowa.

Aiki ya haɗa su abokan nutso, kowa na duba tukunyar ɗan'uwansa kafin a faɗa ruwa. Ta nuna masa inda kunkuru ke kiwo da inda garken kifi ke juyawa a kan duwatsun murjani na ƙarƙashin teku. Da yamma saƙon Dirman ya shigo wayarta:

"Murjanata, yau ban ga kifi ko ɗaya ba. Ke nake ta kallo."

"Makaho kawai. Ka riƙa kallon ma'aunin iskarka," ta mayar.

Wai ita tarko take ɗanawa. Ƙarya take yi wa kanta, don sai da ta haddace saƙon.

Da Inna ta ji labari, sai ta ture rogon da take gurzawa. "Jinin Mahading? A gidan nan? Sai bayan raina!"

"Inna, ki bar ni da shi. Na san abin da nake yi."

Wata safiya suna can ƙasa, jikin katangar murjani, tiyon da yake shaƙar iska da shi ya fashe. Kumfa ta turnuƙe. Ya ja hannu a maƙogwaro, alamar iska ta ƙare, ya zuba mata ido. Tiyon ko-ta-kwana yana hannunta. Baba ya faɗo mata a rai, zaune a ƙofar gida yana kallon tekun da aka raba shi da shi. Hannunta ya tsaya cak.

Sai kuma ta cusa masa tiyon a baki, ta riƙe shi gam, suka taso a hankali.

A cikin jirgi ta fashe da kuka. "Na so in bar ka, Dirman. Wallahi na so."

"Na gani. Tun ranar farko na san 'yar wa ce ke."

"Shi ne kake ba ni tukunyarka in duba?"

"To wa zan ba, Murjanata?"

Da maganar aure ta taso, Baba ne ya yanke magana. Zai ba da 'yarsa, amma ba ya son wakili. Mahading da kansa zai zo.

Neman aure kuwa magana ce ta dattawa, a kan tabarma, murya ƙasa-ƙasa. Mahading ya zo da sabuwar hula, ya yi jawabinsa cikin natsuwa. Baba ya kara hannu a kunne.

"Me ka ce?"

Mahading ya ɗan ɗaga murya.

"Ban ji ba, Mahading. Ai ka san abin da ya sami kunnen."

Maƙwabta sun cika tagogi. Rusna na bayan labule, haƙoranta a datse, tana jin daɗin kowane ɗigon gumin da ke zubo wa dattijon. Mahading ya dubi ƙofa, ya dubi ɗansa. Sai ya miƙe, ya ƙwala da iya ƙarfinsa, har masunta a gaɓa suka juyo:

"Ni na jefa bam ɗin! Ka yafe mini! Ka ba ɗana 'yarka!"

Baba ya bar shi a tsaye a gaban kowa.

"Yanzu na ji," ya ce. "Na ba shi. Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a ta gari."

Inna ce ta fara rangaɗa guɗa.