Tauraron Abbu a Kan Sanda

Ku yi min haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Amma abin nan ya tsaya min a rai, dole in amayar da shi.

"Kankare tauraron za ka yi? Shehryar, ɗago ka kalle ni!"

Muryar yayata Areeba ce. Ina falonta da littafi a hannu, mijinta na zaune a ƙasa, sandar wasan ƙwallon kurket a cinyarsa, reza a yatsunsa.

"Areeba, rabin raina, ba ni na so ba. Kamfanin da ya ɗauki nauyina ya ce takardarsu kaɗai za a gani a jikin sanda."

"Kamfanin ne ya ba ka 'yarsa?"

"Haba dai..."

"Tambayarka nake!"

Mahaifinmu, Abbu, gyaran sandunan kurket yake yi a ɗan shagonsa nan birnin Sharjah. Shi ya tsinto Yaya Shehryar yana buga ƙwallo a filin ajiye motoci, ya sa shi a ƙungiya, daga baya ya aura masa Areeba da son ranta. Duk sandar da Abbu ya gyara sai ya ƙona mata ɗan tauraro a kafaɗa.

Sabuwar sanda ba a shiga fili da ita haka nan, tsagewa za ta yi. Sai an shafe ta da mai, an yi ta dukanta da gudumar katako har ta yi ƙwari. Wannan da ke cinyarsa ita ce ta ƙarshe da Abbu ya sa wa tauraro, bai gama dukanta ba ya rasu. Areeba ce ta ƙarasa. Kullum bayan shayin safe, ƙwas, ƙwas, har tafin hannunta ya yi kanta, maƙwabta suka dinga buga musu bango.

"Ranar da na ci maki ɗari, ke zan ɗaga wa sandar nan, wallahi," in ji Yaya Shehryar.

"Da tauraron ko babu?"

Ya sunkuya kan sandar. Na ji ƙarar reza a kan katako, na kasa juya shafi.

Ranar Juma'a aka yi wasansa na farko a ƙungiyar ƙasa. Mahaifiyarmu, Ammi, ta cika kula da shinkafar biryani, muka zauna a cikin rana.

Gaskiya ya yi wasa! Duk ƙwallon da aka jefo masa sai ya aika ta bakin fili. Wani tsoho a bayanmu sai ihu yake, "Kai yaro, bar musu na gobe mana!" Ammi na jan carbi tana zungurina, "Zarmina, saura nawa? Ke da karatun banza, lissafi ma ba ki iya ba!"

Da ya cika ɗari, filin ya ɗauka da ihu. Ya cire hular kwano, ya juyo ɓangarenmu, ya ɗaga sanda. Na ga idon Areeba ya kawo ruwa, har ta fara miƙewa...

Sai ya murza hannu, ya juya fuskar sandar wajen masu ɗaukar hoto, takardar kamfani na ƙyalli. Mu bayanta ya bar mana.

Areeba ta koma ta zauna.

"Ai ya ɗaga miki, 'yar nan," in ji Ammi.

"Ba ni ya ɗaga wa ba, Ammi."

Da yamma gidansu ya cika da 'yan barka. Yaya Shehryar ya kutsa ta cikinsu da kofin gwarzon wasa a hannu.

"Masoyiyata, kin gani? Na cika alkawari!"

Ta shiga ɗaki ta fito da jakar kayanta da gudumar Abbu. Ta ɗora masa gudumar a cikin kofin.

"Sanda ta gaba, kamfanin ya dake maka."

"Areeba... a gaban mutane?"

"Kai ma a gaban mutane ka yi."

Ta kama hannun Ammi suka sauka. Ya bi su da ido. Sai wani ya ja kafaɗarsa, "Gwarzo, hoto ɗaya!" Ya tsaya. Har murmushi ya yi.

Ni kuwa na ɗauki takalmana a hannu, na raɓa ta bayan masu hoton. Babu wanda ya waiwayo.