Muƙamuƙin Haisam

Ranar Lahadi, a bakin gonarsa kusa da Sae Sabuwa, aka karya wa Haisam muƙamuƙi.

Ya hango wata yarinya da garken shanu, ya nufe ta, ya ce, "Ke 'yammata..." Nan maganar ta tsaya. Nasiru, wanta, ya sauke masa sanda a fuska. Haƙora biyu suka faɗi cikin kunyar gona, jini ya jiƙe rigar.

A Maraɗi likita ya haɗa ƙashin, ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Sati shida, sai zuƙar kunu da tsinke, ba magana.

Kwana uku, saƙo ya shigo salularsa:

"Ni ce Lubna. Saboda ni aka buge ka. Me ka zo faɗa mini?"

"Sai bakin ya buɗe, tauraruwa."

"To, bebena, ina jira."

Kullum da nonon da take aiko masa. Da maganar ta kai ga Hamidu, mahaifinta, ya ce, "Mai neman ɗiyata ya zo ya gaishe ni da bakinsa. Ba ni karɓar gaisuwar salula."

Soyayya ba ta iya lissafin sati. A na uku Haisam ya je wa maƙeri, aka datse wayar da awartaki. Ya durƙusa gaban Hamidu, ya buɗe baki zai yi sallama, ƙashin ya goce. Kowa ya ji ƙarar. Ya kife a tabarma yana aman jini.

Likita ya dube shi ya ce, "Wa ya kwance maka?"

Haisam ya kwatanta dukan guduma da hannu.

"Maƙeri ko? Kai galma ne?"

Aka sake tsaga shi, aka kankare ruɓa, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka mayar da waya. Nasiru ne ya riƙe masa kwanon tofi.

Hamidu ya zo ya tsaya a kansa. "Yaro, na ji gaisuwarka. Kada ka ƙara, don Allah."

An ɗaura aure bakinsa a ɗaure. Dama ango ba ya magana a wurin. Kawunsa ya ce an karɓa, aka shafa fatiha. Allah Ya bar su tare fiye da yadda Ya bar wasunmu.

Ranar da aka cire wayar Lubna ta ce, "To bebena, me ka zo faɗa mini ran nan?"

Ya ce, "Ina son ki."

Ta rufe fuska. Har yau bai gaya mata ba: zuwa ya yi ya ce shanunsu suna cinye masa wake.