Bari In Kashe Shi

Ana gab da magariba Mikaila ya hau babur ya kama hanyar Makango. Ƙanensa Sadick ne ya kira shi: motar da ya ɗauko kifi da ita ta mutu a hanya, ƙofofi sun kulle kansu, shi kuma yana ciki. Mikaila mai gyaran wutar mota ne a Salaga, yana ji da na'urarsa da ake jonawa a mota ta faɗi ciwonta. A wurinsa, abin da na'ura ba ta nuna ba, babu shi.

Ya tarar da motar a gindin wata tsamiya. Wurin na warin kifi banda da tafasasshen ruwan lagireto. Gilashin direba a buɗe yake kaɗan, iya shigar hannu. Daga ciki ƙararrawar bel na ta kuka, tin, tin, tin.

"Yaya, ka cire ni," in ji Sadick ƙasa-ƙasa. "Motan ya yi zafi, na zubar da ruwan a nan. Ban yi bismilla ba. Na ji ihu kamar na jariri."

Kowa ya san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da magariba babu bismilla, don akwai aljanu masu kwantar da 'ya'yansu a wurin. Mikaila dai tsaki ya yi, ya zura hannu ta gilashin ya jona wayar na'urar a ƙasan sitiyari.

Inji lafiya. Batir lafiya. Abu ɗaya na'urar ta nuna: akwai mutum a kujerar gefen direba.

Ya leƙa. Babu kowa, amma soson kujerar ya lotsa. Yana lotsawa yana tasowa, kamar ana jijjiga yaro.

Girman kai ya hana shi ja da baya.

"Wannan ɗan abin ne ke ta kuka ya hana mu sakat?" ya ce. "Bari in kashe shi."

Ƙararrawa yake nufi. Uwar da ke zaune da ƙonannen ɗanta a cinya ba haka ta ji ba.

Gilashi ya tashi ya datse masa hannu. Ƙashi ya ce ƙas.

Bel ya naɗe wuyan Sadick, ya buga kansa a sitiyari, ya sake bugawa. Tururi ya feso ta kafofin iska, ya cika motar. Sadick na ihu, fatar fuskarsa na saɓulewa.

"Ƙarar nake nufi! Wallahi ƙarar!" in ji Mikaila.

Da hagu ya laluɓo sifana ya farfasa gilashin, ya yanke bel da guntun gilashi, ya jawo ƙanensa waje.

Sai ƙararrawar ta ɗauke. Muryar mace ta raɗa a kunnen Mikaila: "Nawa ya yi shiru. Saura naka."

Wata motar doya ce ta kwashe su. Kafin su shiga Salaga, Sadick ya cika a cinyarsa.

Hannun ya warke a karkace. Mikaila na nan yana gyara, amma ya daina dariya, kuma baƙin cikin bai bar shi ba. Idan yana so direba ya tsayar da inji, sai dai ya yi masa nuni da karkataccen hannun, don kalmar ba ta sake fita daga bakinsa ba.